Yadda na gyara ƙurajen fenti a jikin tsohuwar Mustang

Wani Alhaji a nan Katsina ya kawo mini Ford Mustang ƙirar 1967, fentin saman tayoyin baya duk ya yi ƙuraje. Da na kankare, sai ga tsatsa kwance ƙarƙashin fila mai kauri, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodin mota da shi. Ruɓaɓɓen ƙarfe aka lulluɓe, abin takaici ga mota irin wannan.

Na yanke wurin, na yi waldar sabon ƙarfe ɗigo-ɗigo, ina bari yana hucewa kada zafi ya lanƙwasa bodin. Firamar epoxy, wato shafin farko mai kare ƙarfe daga tsatsa, ita ta fara hawa, sannan fila kaɗan, na bi da sanfefa mai lamba 80, 180, har 400, daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Feshi kuwa da sassafe na yi, bayan na jiƙa ƙasan gareji, don ƙurar hunturu ba ta ƙyale ɗanyen fenti.