Yadda ake zaɓen sabuwar sandar kabaid ta babur ɗin ƙanƙara

A Kaduna iyakarmu hazo da sanyin hunturu, amma 'ya'yanmu da ƙannenmu da karatu ko neman abinci ya kai su Kanada da arewacin Amurka sukan mallaki babur ɗin ƙanƙara, irin su Ski-Doo da kamfanin Bombardier ya fara fitarwa a 1959, ko Polaris da Arctic Cat na jihar Minesota. Bel ne ke tura shi daga baya kamar katafila, a gaba kuma yana da faffaɗan ƙafafu biyu masu zamewa. Ƙarƙashin kowace ƙafa akwai siririyar sandar ƙarfe da aka dasa wa guntayen kabaid, ita ce ke cizon ƙanƙara idan mutum ya karya kwana.

Wannan ba kabaid ɗin da masu walda a Panteka ke jiƙawa ya ba da gas ba ne. Na tangistin ne, irin wanda ake liƙawa a bakin haƙoran zarto da tsinin abin huda kankare, kuma taurinsa ya fi na ƙarfe nesa ba kusa ba. Duk da haka kwalta da tsakuwa suna cinye shi. Idan babur ya fara ƙin bin sitiyari a kwana, a ɗaga gabansa a duba. In bakin ya dakushe, ko wani guntu ya fita, ko sandar ta lanƙwashe, to canji ya wajaba kafin ita kanta ƙafar ta lalace.

Abu na farko shi ne dacewa. Kowace irin ƙafa da nata tazarar ramukan noti, saboda haka a rubuta sunan kamfani da samfuri da shekarar ƙira. Wanda ya sayi na hannu ya tabbatar mai shi na farko bai sauya ƙafafun da na wani kamfani ba, domin a wannan hali ƙafar ake saya wa sanda, ba babur ba.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne tsawon kabaid. Akan same shi inci 4, 6, 8, har 10, kuma mai saye yakan ɗauka mafi tsawo shi ne mafi kyau. Ba haka ba ne. Abin da ake nema shi ne kamun gaba ya yi daidai da kamun baya. Idan ba a dasa wa bel ƙusoshin da ke ƙara masa kamun ƙanƙara ba, inci 4 yakan wadatar. Mai ƙusoshi kimanin 96 zuwa 144 ya fi dacewa da inci 6, yayin da inci 8 zuwa sama na mai ƙusoshi da yawa ne ko mai tuƙi da zafi a kan daskararriyar hanya. Kabaid ɗin da ya yi yawa yakan sa sitiyari nauyi har kafaɗu su gaji, baya kuma ya riƙa wutsilawa a kwana. Wanda ya gaza kuwa, babur zai miƙe gaba alhali direba ya juya, kuma a ganina wannan ya fi haɗari a hanyar da bishiyoyi suka yi wa shinge.

Sai kaifin baki, wanda ake aunawa da digirin kusurwarsa. Mai digiri 60 ya fi cizo amma yana saurin dakushewa, mai digiri 90 ya fi jure tsallaka titi, mai 75 kuma yana tsakaninsu. Wanda babur ɗinsa ke fizgar kai hagu da dama yana bin sawun waɗanda suka riga shi wucewa, ya gwada sanda mai layi biyu, ko da yake tana ɗan rage cizo a kwana.

A canza na ƙafafu biyun tare, a yi amfani da sababbin noti masu kulle kansu, sannan a auna saitin ƙafafun, bakinsu na gaba ya ɗan buɗe da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci. Bayan fita ta farko a sake bin notin da sufana.