Yadda Ake Duba Lafiyar Ciyawar Teku da Ruwan da Take Ciki

Ciyawar teku tsiro ce mai saiwa da fure wadda take fitowa a ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, kamar a Banc d'Arguin na Muritaniya, inda ƙananan kifaye suke girma a cikinta, kunkuran teku kuma suke kiwo. Wanda yake kallo daga gaɓa ba zai gane ta fara lalacewa ba sai ɓarnar ta yi nisa, saboda haka dole a shiga laka a auna.

Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne na Seagrass-Watch, shirin sa ido kan ciyawar teku wanda aka fara a Ostireliya a 1998. A jira lokacin da ruwan teku ya janye sosai, a zaɓi fili mai faɗin mita 50 da tsawon mita 50, a kafa turaku na dindindin, sannan a shimfiɗa igiyoyin awo uku daga gaɓa zuwa teku, da tazarar mita 25 a tsakaninsu. Bayan kowace mita 5 a ajiye firam mai santimita 50 ta kowane gefe, a rubuta kaso nawa cikin ɗari ciyawa ta rufe, da irin ciyawar, da tsawon ganyenta, da yawan gansakukar da ta manne masa. A riƙa tafiya ta gefe ɗaya na igiyar, domin sawun mai awo kansa yana iya ɓata abin da ya zo aunawa.

Wannan gansakuka ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Idan takin gona ko dagwalon gari suka kwararo cikin teku, gansakuka ce take fara cin moriyarsu, ta lulluɓe ganye ta tare masa rana, alhali ciyawar teku tana buƙatar haske fiye da yawancin tsirran ruwa. Don auna garai-garai ɗin ruwa, a saukar da faifan Secchi (farin faifai, ko mai fari da baƙi, da ake nitsarwa cikin ruwa) da igiya mai alama daga gefen kwale-kwalen da yake da inuwa, da tsakar rana, a rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. A auna gishiri, wanda a teku yakan kai kimanin giram 35 a lita, a kuma bar na'urar auna zafi a wurin, tunda zafin ruwa na 2011 ya kashe ciyawa mai yawa a Shark Bay ta Ostireliya.

A maimaita aikin duk bayan wata uku a kan turakun nan, kada a sauya su. A kuma sa alama a iyakar da ciyawar ta tsaya ta ɓangaren zurfi, domin idan ruwa ya fara gurɓacewa, daga can take fara ja da baya zuwa gaɓa.