Kurakuran da masu tattaki kan tsohon layin dogo suka fi yi, da yadda ake gyara su

A ƙasashe da dama, idan aka daina amfani da layin dogo, akan ɗebe ƙarafunan, a daddaɓe wurin da tsakuwa, a mayar da shi hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. A jihar Wiskonsin ta Amurka akwai hanyar Elroy zuwa Sparta tun shekarun 1960, a jihar Mizuri, ita ma a Amurka, akwai hanyar Katy mai tsawon kusan kilomita 386, a Niyu Zilan akwai ta Otago mai kilomita 152 wadda aka buɗe a 2000, Sifaniya kuwa tun 1993 take mayar da tsofaffin layukanta irin wannan hanya. Duk an gina su ne don jirgin ƙasa, kuma yawancin wahalar da masu tattaki ke sha daga mantawa da hakan take tasowa.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne raina hanyar saboda shimfiɗaɗɗiya ce. Jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, shi ya sa injiniyoyi suka yi ta fasa duwatsu da cike kwaruruka har hawan ya zama kaɗan. A layin Otago, inda ya fi tsanani ma mita 1 ne a cikin mita 50. Sai mutum ya duba taswira ya ga babu dutse, ya yanke wa kansa kilomita 35 a rana tun daga farko. Abin da bai lissafa ba shi ne, a hanyar da ke hawa da sauka taku yana canzawa, nauyi yana zagayawa tsakanin gaɓoɓi. A nan kuwa taku ɗaya ne sau dubbai, wuri ɗaya na tafin ƙafa ke dukan ƙasa mai tauri, gefe ɗaya na dunduniya ke gogar takalmi. Kafin kwana na uku agara ta ɗaure, ƙugu ya riƙe, bororo ya fito. Ka fara da kilomita 15 zuwa 20 a kwanakin farko, ka ƙara idan jiki ya amince. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ka tsaya ka miƙe ƙafafu, kuma inda akwai ciyawa a gefen hanya ka ɗan taka ta, ƙafa ta huta da taurin tsakuwa. Atisayen da za ka yi kafin tafiya ma ya zama a kan hanya mai tauri, da jakar a bayanka, kwana biyu a jere, domin rana ta biyu ce ke faɗa maka gaskiyar jikinka.

Daga nan sai takalmi. Mutane kan sayi manyan takalman hawan dutse masu nauyi da taurin ƙasa, wani lokaci ma sababbi fil. Irin wannan hanya takalmi mara nauyi take so, mai taushin ciki, wanda ka riga ka saba da shi, mai ɗan sarari a gaba saboda ƙafa kan kumbura da yamma. Safar auduga tana riƙe gumi, a guje ta. Sannan ga ƙananan tsakuwa da ke faɗawa cikin takalmi: ƙwaya ɗaya ce za ta maƙale a ƙarƙashin babban yatsa, ka ce bari in kai wancan benci tukuna, kafin ka isa fata ta yi ja ta fara zafi. Da ka ji ta, tsaya nan take ka cire takalmin, ka kaɗe, ka manna filasta a wurin tun bai yi ruwa ba. Ni a ganina wannan minti biyun ya fi duk wani magani da ke cikin jaka.

Ruwa da guzuri su ne inda kuskure ke iya zama haɗari. Taswira kan nuna sunayen tashoshi a jere, mutum ya ɗauka kowace tasha gari ce. Da yawansu saboda jirgi kawai suka kafu, wasu ma wurin ɗura wa injin tururi ruwa ne, da jirgin ya daina zuwa sai suka mutu. Ka iso da ƙishirwa ka tarar da allo mai ɗauke da suna da rufaffen gini. Inda akwai kanti ma, yana iya rufewa wasu ranakun mako ko duk lokacin sanyi, famfunan hanya kuma akan kashe su idan ƙanƙara ta kusa. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: yawancin bayanan waɗannan hanyoyi da masu keke a zuciya aka rubuta su. Tazarar kilomita 25 da mai keke zai cinye cikin awa biyu, mai ƙafa wuni guda zai yi a kanta. Don haka ka lissafa tazarar da awannin ƙafarka, kilomita 4 a awa idan da kaya, ka tabbatar tun da dare inda ruwan gobe yake, ka kuma ɗauki fiye da abin da kake zato, ko da yake kowace lita kilo ɗaya ce a kafaɗa. Ruwan rafin da ya ratsa gonaki kada ka sha sai ka tace ko ka tafasa.

Rana ma ana raina ta. Inda aka ɗaga layin bisa tudun ƙasa babu inuwa kuma iska ba ta da shamaki, farar tsakuwa tana mayar da haske fuska. Ka yi sammako, ka huta da tsakar rana, ka sa hula mai faɗin baki.

Ramukan da jirgi ke ratsawa ta cikin dutse suna da daɗin gani, amma a shiga da shiri. Ramin Snoqualmie a jihar Washinton ta Amurka ya kai kilomita 3.7, duhu ne ƙirin, da sanyi da ɗigar ruwa ko da bazara. Fitilar waya ba ta isa ba, ga cin batir. Ka tanadi tocilar goshi da rigar sanyi a saman jaka. A kuma sani cewa ana rufe shi daga farkon Nuwamba zuwa farkon Mayu, haka ma ramukan Elroy zuwa Sparta a kusan wannan lokaci. Rami ko gada ɗaya idan ta rufe, zagayen na iya kai ka titin mota mai nisa. Hanyar Katy, da yake tana bin gaɓar kogin Mizuri, ambaliya kan yanke ta. Duba sanarwar hukumar da ke kula da hanya kafin ka tashi, ka sake dubawa a tsakiyar tafiya.

Wurin kwana kuma, kada ka ɗauka duk inda dare ya yi maka za ka kafa tanti. Filin layin dogo siriri ne, abin da ke bayan shinge gonar wani ce, kuma a hanyoyi irin Katy sai a wuraren da aka keɓe ake yarda a kwana. Ka tsara zangonka tun a gida. Idan za ka hura wuta, kada ka taɓa tsofaffin katakan dogo da ke yashe a gefe, an jiƙa su da maganin hana ruɓewa wanda hayaƙinsa guba ne.

Masu keke sun fi yawa a kan hanyar, kuma ba a jin tahowarsu. Ka tsaya gefen da dokar ƙasar ta tanada, dama a Amurka, hagu a Niyu Zilan, kada ku jeru ku tare hanya, kada ka toshe kunnuwa biyu da abin sauraro.

Layin dogo miƙaƙƙe ne, ba ya dawo da kai inda ka faro. Tun kafin ka ɗaga ƙafa ka san motar da za ta ɗauke ka a ƙarshe, da ranakun da take aiki, ka kuma yi wa taswira alama a wurare biyu ko uku da hanyar ta haɗu da titi, inda za ka iya fita idan ƙafa ta ƙi. Ka bar wa wani naka wannan tsari a rubuce, domin a cikin kwari sabis ɗin waya kan ɗauke.