Yadda za ka gane kalmar "asunder" ka kuma san inda ake saka ta

Duk mai karanta fassarar Alƙur'ani ta Turanci ya sha cin karo da ita. A fassarar Pickthall ta 1930, ayar farko ta Suratul Infiɗar ta zo da "cleft asunder", wato sama ta tsage.

Fara da furuci: "asanda", nauyin murya a kan "san".

Na biyu, ma'ana. Rabuwa ce gida biyu ko gunduwa-gunduwa, kuma da ƙarfin tsiya. Ka hango itacen da gatari ya faɗa wa, ko rigar da aka yage wajen dambe. Sallamar abokai a tasha ba ta kai nan ba.

Na uku, ka san asalinta, don shi zai sa ta zauna maka. A tsohon Turanci, tun kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, kalmomi biyu ne, "on sundran", ma'ana a ware. Baki ya yi ta cinye "on" har ta koma "a", kamar yadda ya faru da "asleep" da "alive". Saiwarsu ɗaya da "sundry" da kuma "sondern" ta Jamusanci. Abin da ya hana ta mutuwa kuwa coci ne. Baibul ɗin Sarki James na 1611, a Matiyu 19:6, ya yi amfani da "put asunder" inda aka ce abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba, kuma limaman Cocin Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna maimaita maganar wajen ɗaurin aure. Shi ya sa har yau ƙamshin mimbari bai sake ta ba.

Na huɗu, wurin zamanta. Bayan aikatau take zuwa, galibi "tear", "split" ko "rend": "The war tore the country asunder", yaƙi ya kekketa ƙasar. Ba ta shiga gaban suna, don haka "asunder family" kuskure ne. In aikatau kake nema, "sunder" ne.

Daga nan sai ka gwada ta. Cire ta ka sa "apart". In jimlar ba ta rage komai ba, bar "apart" ɗin. Ni dai a waƙa da huɗuba da sharhin yaƙi nake yarda da ita. Ka saka ta a wasiƙar neman aiki, mai karantawa zai zaci wa'azi ka zo yi masa.