Diski ya cika ba kaya, fayil ya kulle ba kowa: kurakuran da aka fi yi da foldar sabar

Duk wanda ke kula da foldar da ma'aikata ke tarayya a kanta ta netwok, ko ta hanyar SMB ce irin ta Windows da Samba (manhajar da ke ba Linux damar yin SMB) ko ta hanyar NFS irin ta Linux, akwai ƙorafi biyu da baya rabuwa da su. Ɗaya wai diski ya cika alhali jiya-jiyan nan aka goge kaya, ɗayan kuma wai fayil ya ƙi buɗuwa saboda wane na riƙe da shi, alhali wanen ya tashi aiki tun la'asar. Kuma yawancin ɓarnar da ake tafkawa wajen gyara ake tafka ta, don mutum zai zauna gaban kwamfutarsa ya yarda da abun da ta nuna masa ya hau goge-goge da kashe-kashe bai ko leƙa sabar ba. Ita fa kwamfutarka jiyau ce ba ganau ba, abun da sabar ta faɗa mata take maimaita maka, wani lokacin ma abun da ta ji tun ɗazu.

Mu fara da na wuri. A Linux sai kaga mutum ya buga df yaga 98%, ya buga du yaga kayan basu kai rabi ba, sai yace ɗaya daga ciki ƙarya yake. Babu mai ƙarya a cikinsu, tambayar ce daban. Shi du bin folda-folda yake yana ƙirga fayilolin da ke da suna kuma yake da izinin gani, shi kuma df tambayar diskin yake kai tsaye nawa aka ci nawa ya rage. To idan ka goge fayil alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, sunan ne kawai ya tafi, wurin na nan a cike har sai ta sake shi. A ce log ne, wato fayil ɗin da manhaja ke rubuta abun da take yi a ciki, ya kumbura ya kai giga 40, ka goge shi da rm ka koma df, ko gezau, saboda manhajar na ci gaba da rubutu cikin fayil ɗin da kai baka gani. Ka hau sabar ka buga lsof +L1, zai jero maka fayilolin da aka goge amma ake riƙe da su, da lambar manhajar da ke riƙon. Ita kaɗai zaka sake kunnawa, ba sai ka kashe sabar gaba ɗaya ka tsayar da aikin jama'a ba. In kuma ba halin taɓa ta yanzu, ana iya kwashe cikin fayil ɗin ta /proc/lambar/fd, amma wannan na log ne fa, kar ka gwada shi da fayil ɗin da wani ke buƙata.

A NFS abun na zuwa da wata siffa. Idan kwamfuta ta goge fayil ɗin da wata manhaja a kanta ke riƙe da shi, sai ta canza masa suna zuwa .nfs da dogayen lambobi a baya. Mutane na ganinsu su ɗauka shara ce, su goge, ya ce musu yana kan aiki ko ya dawo da wani sunan, su sake gogewa, haka za'a wuni. Ka nemo kwamfutar da ke riƙe da shi, a can zaka buga lsof, da an rufe manhajar zai ɓace da kansa.

Sai wanda yafi cin mutane a ganina, wato kayan da aka goge amma basu je ko'ina ba. Idan ka goge fayil daga foldar netwok a Windows baya shiga kwandon sharar kwamfutarka, shi yasa kowa ke ɗauka ya tafi kenan. Amma yawancin akwatunan ajiya na netwok, wato NAS, na da nasu kwandon a ɓoye, a Synology sunansa #recycle, a QNAP @Recycle, a Samba kuma vfs_recycle ne ke wannan aikin, kuma in ba'a sa masa ranar zubarwa ba haka zai ta tara shekara da shekaru. Bayan shi ga sinafshot, wato hoton diski da ake ɗauka lokaci-lokaci don a iya komawa baya. A tsarin diski na ZFS da Btrfs duk abun da ka goge in yana cikin wani tsohon sinafshot wurinsa baya dawowa sai an goge sinafshot ɗin, a ZFS ka buga zfs list -o space kaga rabon da idonka. A sabar Windows kuma vssadmin list shadowstorage ne zai gaya maka nawa kwafin baya suka ci, bisa al'ada ana ware musu kashi 10 cikin ɗari na diskin. Kar dai zafin neman wuri yasa ka share su duka a zama ɗaya, su ne ke ceton ka ranar da wani ya goge foldar albashi, ka fara da mafi tsufa.

Akwai wasu ƙananan da ba sai an daɗe a kansu ba. Diskin da aka rubuta masa tera 1 Windows zai nuna maka giga 931 ne, ba wanda ya cuce ka, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi shi kuma da 1024. Tsarin diski na ext4 a Linux na ware kashi 5 cikin ɗari wa root, wato babban mai iko da na'urar, shi yasa in ka haɗa wanda aka ci da wanda ya rage basa kai jimla, a diskin da kaya kawai ake zubawa ana iya rage shi da tune2fs -m. In kuma ya ce No space left on device ga wuri kana gani, buga df -i, ƙila inode, wato gurbin rajistar da kowane fayil ke ci, ne suka ƙare saboda tarin ƙananan fayiloli miliyoyi. Sannan kota: in an yanka wa mutum ko folda iyaka, abun da zai gani a matsayin ragowar wuri na kotarsa ne ba na diskin ba, shi yasa mutum biyu zasu buɗe folda ɗaya kowa yaga lamba daban su hau musu.

Wani mai ruɗarwa a Samba shine a raba folda da ke kan ƙaramin diski, a cikinta kuma a ɗora babban diski kan wata ƙaramar folda. Windows zai tambayi wurin da ya rage a saman foldar, a gaya masa na ƙaramin diskin, sai ya ƙi kwafar babban fayil wai ba wuri alhali inda za'a zuba ɗin fili ne fetal. Mafi sauƙi ka raba babban diskin da sunansa daban. In dole sai a haɗe, akwai dfree command a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, da zaka ba shi ɗan rubutun da zai dawo da lissafin da ya dace. Kuma tunda ana maganar ɗora diski, ka tuna kaya na iya ɓuya a ƙarƙashinsa: ranar da diskin bai hau ba bakof ya zuba kayansa cikin foldar da ba komai, washegari diskin ya hau ya rufe su, du baya ganinsu amma suna cin wuri.

To yanzu kulle, wanda anan ne ake asarar aikin mutane.

Word da Excel in sun buɗe fayil suna ajiye wani ɗan ɓoyayyen fayil a gefensa mai farawa da ~$, a ciki ne sunan mai riƙon yake, LibreOffice kuma nasa na farawa da .~lock. In manhajar ta mutu ko netwok ya yanke, ɗan fayil ɗin nan kan maƙale, sai ya ci gaba da kiran sunan wanda baya nan. Kuskuren shine a goge shi kai tsaye ba'a duba ba, ko kuma a kira mai sunan ana masa faɗa. Sunan da saƙon ya nuna ba hujja bane. Ka je sabar, in Windows ce ka buɗe fsmgmt.msc ka duba buɗaɗɗun fayiloli ko ka buga Get-SmbOpenFile a PowerShell, in Samba ce smbstatus -L, zaka ga waye ke riƙe da shi da gaske kuma daga wace kwamfuta. In ba kowa, to goge ɗan fayil ɗin ba laifi. In akwai, sau da yawa ma ba mutum bane, ɓangaren nan na Explorer mai nuna cikin fayil kafin ka buɗe ne, ko antibairos, ko manhajar bakof, kai wani lokacin mai ƙorafin ne da kansa ya bar fayil ɗin a buɗe a wata kwamfutar. Close-SmbOpenFile zai ƙwace shi da ƙarfi, amma duk abun da mutumin bai adana ba yana iya tafiya, don haka ka kira shi tukunna, minti ɗaya ne.

Sai babban kuskuren, wanda wallahi ya kamata a daina: kashe kullen gaba ɗaya don saƙon ya daina fitowa. Mutum zai yi bincike a intanet yaga an ce sa nolock a NFS, ko nobrl a mount.cifs da Linux ke hawa SMB da shi, ko locking = no a Samba, ya sa, ƙorafi ya tsaya, ya ɗauka ya gyara. Abun da nolock ke yi shine kullen ya tsaya a kan kwamfutar kaɗai, sabar bata sani ba, sauran kwamfutoci basu sani ba, sai biyu su rubuta cikin fayil ɗaya lokaci ɗaya kuma ba wanda zai ga alama sai bayan kwanaki da fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Kamar ka cire ƙofar ɗaki ne don makulli na maka gardama. Idan NFS na cewa No locks available, yawanci sigar 3 ce, wadda ta fito 1995, ita kuma kullenta a waje yake, sai manhajojin lockd da statd da rpcbind mai tashar 111 duk suna aiki kuma fayawol ya bar su sun wuce. Ka duba rpc.statd na tafiya a ɓangarorin biyu, ka kafe musu tashoshi ka buɗe, ko mafi alheri ka koma siga ta 4 da ta haɗa komai a tasha ɗaya 2049. A siga ta 4 ɗin ma ka san da wannan: in kwamfuta ta mutu tana riƙe da kulle sabar na jiran wa'adinta ya cika, a Linux daƙiƙa 90 ne bisa al'ada, haka in sabar ta tashi daga ristat tana ba tsoffin masu riƙo irin wannan lokacin su dawo su karɓi nasu kafin ta ba sababbi. Mutane basa haƙuri, a cikin minti ɗaya da rabin nan zasu sake ristat, lissafi ya koma farko.

Haka oplock a SMB, da magajinsa lease da ya zo da SMB 2.1 zamanin Windows 7. Shi izini ne sabar ke ba kwamfuta ta riƙe fayil a wurinta tana aiki da sauri, in wani ya nema sai sabar ta ce dawo da shi. In waccan kwamfutar ta yi barci ko waya ta cire, mai nema zai tsaya cak na kusan daƙiƙa 35 kafin sabar Windows ta haƙura. Ganin haka sai a kashe oplock a duk sabar, kowa ya koma tafiyar hawainiya, alhali kwamfuta ɗaya ce ko suwic ɗaya ke da ciwo. In ma akwai fayilolin da basa jituwa da shi, veto oplock files a Samba zai ware su kaɗai.

Wani abun da ake mantawa: Windows in ya kulle ya kulle, amma a Linux kullen na girmamawa ne, manhajar da bata tambaya ba zata rubuta abinta. Shi yasa raba folda ɗaya ta NFS da Samba lokaci guda ke da haɗari, mai Windows na ganin shi kaɗai ne a kan fayil, na Linux na can yana canza shi. Akwai kernel oplocks = yes da ke rage abun, amma ni dai shawarata in za'a riƙa rubutu ta ɓangarorin biyu a zaɓi hanya ɗaya kowa ya bi, Linux ma ai na iya hawa SMB lafiya lau.

Kuma ba duk jinkiri bane kulle. Wani zai adana fayil, abokin aikinsa ya ce bai gani ba ko girman bai canza ba, wannan haddar kwamfuta ce kawai. NFS na riƙe bayanin fayil daga daƙiƙa 3 zuwa 60, Windows na riƙe jerin folda kamar daƙiƙa 10. Ka ɗan jira ka sabunta. Sa noac a saitin NFS zai kawar da jinkirin amma sabar ce zata sha tambaya, actimeo da ƙaramar lamba yafi sauƙi. Ita kuwa soft da ake sawa a NFS don kar kwamfuta ta maƙale in sabar ta ɓace, a foldar da ake rubutu kar ka yarda da ita, tana iya yanke rubutu a tsakiya, bar shi a hard.

Akwai kuma fayilolin da tun asali ba wurinsu bane foldar netwok, duk gyaran da zaka yi. Fayil ɗin PST da Outlook ke ajiye imel a ciki Microsoft da kansu basu yarda a buɗe shi ta netwok ba, masu rumbun bayanai na SQLite ma sun yi gargaɗi cewa kullen netwok ba abun dogaro bane, rumbun Access kuma na tafiya da mutum kaɗan amma da an yi yawa ko wani na kan wayales mai yankewa sai gyara ya zama na kullum. Waɗannan ka maida PST kan diskin mai shi, rumbun bayanan kuma a kai shi PostgreSQL ko MariaDB ko SQL Server, inda manhajar sabar ce ke raba layi da kanta, foldar kuma a bar mata takardu da hotuna da bakof.