Majigi a Maradi: kurakuran da ƙungiyoyin sinima suka fi yi

Abin da ya fi watsa taron majigi a garin nan shi ne harshe. Ƙungiya ta ɗauko fim da Faransanci, ko wanda fassararsa ke rubuce a ƙasan allo, ta haska wa mutanen da Hausa kaɗai ke shiga kunnensu. Kafin rabin awa tabarmi sun zama fayau. Ko Le Wazzou polygame na Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, da Zabarmanci aka yi shi. Fim ɗin ɗan ƙasa ne, amma Bamaraɗe sai da tafinta. A nemi mai zaƙin baki, a ba shi fim ɗin ya kalla sau biyu kafin ranar, sannan a miƙa masa makirfo. Ai masu fassara finafinan Indiya sun daɗe da nuna mana hanyar.

Sai raina finafinan Kano. Wasu shugabannin ƙungiya na ganin ba sinima ba ne, alhali da su jama'a suka saba. A fara da abin da ido ya sani, a tsayar da fim a tambayi yara: me ya sa kyamara ta matso fuskar amarya a nan? Daga nan sai a gangara zuwa zane mai motsi na Mustafa Alasan, mai shirya finafinai ɗan Nijar, wanda ya zauna a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Kar a kafa allo a unguwa ba a je gaida mai unguwa da liman ba. Maradi garin malamai ne. A gaya masu abin da za a nuna, in so samu ne su gani tukuna.

Lokaci kuma bayan isha'i, ba cikin damina ba, kuma a tanadi injin wuta da mansa, don kuran ba ya sallama in zai tafi.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen ƴan mata. Ana shirya horo da dare, a dawo ana cewa ba su zo ba. Wane uba zai bar ɗiyarsa ta fita ƙarfe tara? A mayar da nasu ranar Asabar da hantsi, cikin ajin lakwal, a toshe tagogi da baƙin ƙyalle, a ba kowace ƙungiya ta mutum huɗu waya ɗaya su ɗauko minti uku na masu tuyar ƙuli-ƙuli a gidansu.