Yadda nake gane asalin kan allurar garmahon Edison

Wani dattijo daga unguwar Gangare ya kawo mini garmahon da ya gada, irin na Edison mai faifai kamar gwangwani. Ya ce, "Malam, duba mini kan nan, na asali ne?" Ni mai gyaran agogo ne a nan Jos, amma na daɗe ina ƙaunar waɗannan injina.

Kan shi ne ɓangaren da ke riƙe allura yana fitar da sauti. Fara da ƙarfen nauyin da ke lilo a ƙarƙashinsa, nan ake buga harafin samfuri. Model C na faifan minti 2 ne, Model H kuma na minti 4, wanda ya fito a 1908. Sai ka sa gilashin gyaran agogo ka leƙa allurar. Ta C da ta H duk dutsen yakutu ne, amma ta H ta fi siriri, domin layukan faifanta 200 ne a inci, na C kuwa 100. In harafi ya ce C, allura ta ce H, to an yi haɗe-haɗe. Dutsen asali a zaune yake daram. In ka ga gam ya taru a gindinsa, wani ya taɓa.

Dubi kan sukurori ma. Sukudireba ba ta shiga ba tare da ta bar tabo ba.

Robar da ke riƙe farantin murya kuwa, wato siririn farantin cikin kan da ke kaɗawa ya ba da sauti, sabuwa ba aibi ba ce. Ta dattijon nan ta bushe ƙamas, tana taɓuwa ta marmashe. Na canza ta, na ƙulle tsohuwar a takarda na ba shi.

Don Allah, kada ka ɗora allurar daimon a kan faifan da aka yi da kaki. Kankare shi za ta yi.